Ranar da Jita ta Kira Baba Audi

Shekara takwas muka yi ba mu hau dandamali ba. Samarin Layin Dogo ake ce mana: Yusha'u da jitar lantarki da waƙa, Husaini da garaya, ni Tukur da kalangu. A 1982 kayan sautinmu suka ƙone, kowa ya kama gabansa. Yusha'u ya tafi Legas tuƙin tirela, Husaini ya koma facin taya, ni kuma na koma Babbar Kasuwa ina yi wa mahauta kiɗa, sana'ar ubana.

A 1990 Yusha'u ya dawo da lasifika huɗu da sababbin waƙoƙi shida. Biyar ba laifi. Ta shida ce masifar, don taken Baba Audi ya ɗauka ya ɗora mata.

Wanda bai sani ba ya sani. Kowane babban ɗan tauri yana da takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. In ka kaɗa, ka kira shi ke nan. Jikinsa zai tsuma, ya fito fili ya goga wuƙa a cikinsa don a ga ba ta kama shi. Baba Audi tsohon mahauci ne, ubana ne ya yi masa taken. Amma tun da ya dawo daga Makka ya tuba, ya ƙone layunsa, ya daina shan tsimi. Fatarsa ta koma irin tawa da taka.

"Cire wannan," na ce wa Yusha'u ranar da muka fara gwaji.

"Kai Tukur, har yanzu ƙauyanci bai sake ka ba? Kiɗa ne fa, ba sammaci ba."

"Sammaci ne. Yana da mai shi."

"Tsohon da ko tunkiya ba ya iya kayarwa? Yana can Rigasa yana jan carbi, ina zai ji mu?"

Na bar maganar. Ni ma ina son a sake jin sunanmu a garin nan. Wannan laifina ne, ba na ɓoyewa.

Ranar Asabar bayan la'asar filin ƙwallon Badarawa ya cika ba masaka tsinke. Ma'aikatan gwamnati da iyalansu sun kame benci, 'yan kasuwa a tsaye a baya. Mahauta abokan aikina suka taru a gefe guda, daga kwata suka zo kai tsaye, wuƙaƙensu a ƙugu. Muka yi waƙa biyar, wuri ya ɗauka, har da masu hawa kan katanga. Husaini yana kaɗa garaya yana hawaye.

Sai na hango Baba Audi a bencin gaba. Farar jallabiya, farar hula, sanda tsakanin gwiwoyi. Ya zo kallona ne, ni ɗan abokinsa. Har ya ɗaga mini hannu.

Na matsa kusa da Yusha'u. "Yana nan. Mu rufe da tsohuwar waƙa."

"Ka haukace? Wani mai buga kaset ya taso tun daga Kano saboda wannan."

"Wallahi ba zan kaɗa ba."

"To kada ka kaɗa, sarkin tsoro."

Na ɗauka magana ta ƙare. Na manta cewa wata uku ya yi yana bin kalanguna da jita, har ya haddace taken tsaf. Ya murɗa sauti ya ƙure, ya sake shi. Abin da ubana yake kaɗawa mutum hamsin su ji, lasifika huɗu suka watsa shi har bakin titi.

Samarin mahauta suka fara. Ɗaya ya kurma ihu ya yage rigarsa, ya zare barho yana karta a ƙirji. Na biyu ya sari ƙarfen raga, wuta ta yi tartsatsi. Kafin ka ce kwabo wuƙa ashirin na sama. Mata suka zabura, benci ya kife da mutane, aka tattake wani mai rake har ba a jin kukansa. Ni dai idona na kan mutum ɗaya.

Sandar ce ta fara faɗuwa. Kafaɗunsa suka kama rawa. Ya toshe kunnuwa da hannu biyu, leɓensa na motsi, na san salati yake. Bai yi masa ba. Ya miƙe, ya jefar da hula, ya fizge wuƙa a hannun wani saurayi kamar ya karɓi tasa.

Akwai kiɗan saukewa. A hankali ake janye mutum da shi, yadda ake janye bijimi da igiya, ba a yanke masa kiɗa a tsakiya. Na saɓa kalangu, na kafa shi a bakin abin magana, na fara. Ya ji ni. Ya juyo, wuƙar ta sauko gefen cinyarsa. Saura kaɗan.

Nan ne Yusha'u ya ga wuƙaƙe sun doso dandamali, ya ruɗe, ya sa ƙafa ya tsinke wayar janareta. Komai ya mutu, har da nawa sautin.

"Mayar! Mayar, ɗan banza!" na daka masa tsawa.

Ina! Na diro ƙasa ina kaɗawa, amma kalangu ɗaya ba ya keta ihun mutum dubu. Wani ya kai mini gwiwar hannu a baki, haƙori biyu suka tafi. Na tashi, na kutsa. Taku biyar ya rage tsakaninmu lokacin da Baba Audi ya ɗaga jallabiya, ya yi kirarinsa, ya ja wuƙar daga haƙarƙari zuwa cibiya da ƙarfin da ya saba.

Farar rigar ta rine nan take. Ya durƙusa yana tare cikinsa da hannu.

Samarin suka ga jini, suka ga mai jita. Suka hau dandamali. Aka fasa garayar a kan Husaini, aka farke lasifikan ɗaya bayan ɗaya. Yusha'u suka danne a kan katako, wani ya taka hannunsa na hagu, wani ya bi yatsun da gora har sai da suka daina kama da yatsu. Ina jin yana kiran sunana. Ban waiga ba.

Ni da wasu dattawa biyu muka sa Baba Audi a bayan akori-kurar nama, muka nufi asibiti. Na ɗaure masa ciki da rawanin ɗayansu, kansa a cinyata. Jinin bai tsaya ba.

Ya buɗe ido. "Tukur."

"Na'am, Baba. Ka yafe mini."

"Ta kama ni?"

"Ta kama, Baba."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Alhamdu lillahi. Shekara biyar ina tsoron ko abin nan yana jikina har yanzu. Ashe ya fita."

Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa sau biyu. Direba na ta danna ham, amma kafin mu kai ƙofar asibiti na riga na rufe masa ido.