Gilasan Dokita Fousséni

Kwanon kokon bai kai bakinsa ba. Ummusalma tana tsaye a kansa, ko "a sha da zafi" ba ta gama cewa ba, sai ta ga hannun Dokita Fousséni ya saki, koko ya malale a tabarma, shi kuma ya kife gefe guda.

"Innalillahi! Zénabou, fito! Yayanki!"

Zénabou ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Su biyu suka ɗaga shi, a nan ne gaban Ummusalma ya faɗi. Mutumin da take gani cikin babbar riga kamar ya cika ƙofa, ashe ƙashi ne kawai a ciki. Wata takwas katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Kpangalam, kullum tana aiko masa koko, amma ba ta taɓa sanin yana ciwo ba.

Kowa a unguwa ya san labarinsa, ko dai ya ɗauka ya sani. Ya yi shekara ashirin a Faransa yana bincike a kan ciwon daji. Ya dawo Lomé don ya buɗe ɗakin bincike, sai ƙasa ta rikice, yajin aiki ya rufe lakwal ɗin yara da posta da ofisoshi, mutane suka yi ta gudu. Shi ma ya tattaro kayansa ya dawo gidan mahaifinsa a Sokodé. Ummusalma, wadda bakinta ba ya ajiye tambaya, ta taɓa tare shi a zaure.

"Wai kai wane irin dokita ne, ba allura ba ƙwaya?"

Ya yi dariya. "Yaya, a cikin jini akwai wasu ƙananan halittu masu haɗiye cuta, kamar masu sharar kasuwa. Ciwon daji yakan lallashe su su koma yi masa aiki. Ni ina neman yadda za a dawo da su hanya."

"To, ashe har cikin jini akwai 'yan siyasa."

Ranar ya yi dariya har da tari. Yanzu ta gane tarin.

Da suka kwantar da shi a ɗaki, ya buɗe ido ya nuna wani akwatin katako a ƙarƙashin tebur, da littafi mai baƙin bango a kansa.

"Yaya Ummu, ke kike kai goro Dapaong, kin san hanya, direbobi sun san ki. Ki kai wa Tijjani, mai gwajin jini, bayan kasuwa. Hannu da hannu. Shi zai tsallaka da shi Wagadugu, daga can ya kai ga abokan aikina. Duk rayuwata tana cikin nan."

"Haba Dokita, kai za ka kai abinka."

"Amana ce, Yaya."

Kafin Azahar ya cika. Bayan La'asar aka kai shi. Mutanen unguwa suka yi ta kallon juna, kowa yana cewa jiya ma ya gan shi a masallaci.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Ummusalma ta ɗauko akwatin ta buɗe don ta ga yadda za ta ɗaure shi. Ƙananan gilasai ne sirara, kowanne tsawon yatsa, an jera su layi-layi, sun fi ɗari uku. Kuma babu guda ɗaya mai tsabta. Kowanne da tabo a tsakiya, wani shuɗi, wani ja-ja, ya bushe ya kama jikin gilashin.

Tausayi ya kama ta har hawaye ya zubo. Namiji ba mata, ga ciwo yana ɓoyewa, ina zai sami ƙarfin wanki? A zango ko kwanon tuwon maƙwabciya ba a mayarwa sai an wanke, balle kayan mamaci da za a kai hannun baƙo. Ba za a ce daga Kpangalam aka fito da kayan Dokita da dauɗa ba, tana raye.

Ta ɗora ruwa ya yi zafi, ta ɗauko soso da sabulu da toka. Tabon ya yi taurin kai, wasu sai da ta sa farce ta kankare. Ruwan daro ya koma launin shuni, ta zubar a rariya, ta sake wani, har sau huɗu. Ta shanya su a kan sabon zane, suna ƙyalli a rana, ko ɗaya bai fashe ba. Ta mayar da kowanne gurbinsa tana yi masa addu'a.

Da safe ta hau kamiyon goro. Shinge biyar suka tarar kafin Dapaong, ga ƙonannun tayoyi a gefen hanya. A na uku wani soja ya nuna akwatin da ke kan cinyarta da baki, ya yi magana da gurguwar Hausa.

"Mama, me kana ɗauka? Buɗe shi."

Ta buɗe. Ya zaro gilashi ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya leƙa.

"Ba komai ciki. Wuce."

Ta yi hamdala.

Tijjani dattijo ne mai furfura da tabarau. Da ta faɗa masa rasuwar, sai ya nemi benci ya zauna. Sannan ya karɓi akwatin da hannu biyu.

"Shekara goma sha ɗaya muna tara su, Hajiya, duk sanda ya zo hutu daga Faransa. Gando, Mandouri, ƙauye-ƙauye a kan babur. Kowane gilashi mutum guda ne, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya."

Ya buɗe. Ya zaro ɗaya ya duba ta taga. Ya zaro na biyu. Ya tsallaka zuwa layin ƙarshe ya zaro.

"Ba wannan akwatin ba ne. Akwai wani?"

"Shi ne. Na dai gyara su. Ka ga da yadda suke, duk tabo, ka san ciwo bai bar shi ya..."

"Kin wanke?"

"Da ruwan zafi. Ko ɗaya bai fashe ba, Malam."

Tijjani ya cire tabarau. Bai yi tsawa ba, ita kuwa da ya yi tsawar da ya fi mata sauƙi.

"Hajiya, tabon shi ne aikin."

Ta dafa bango. "Ba za a iya sake... ba a sake shafawa?"

"Daga jikin wa?"

Ya jawo littafin mai baƙin bango yana buɗawa, kamar mai neman abin da zai riƙe. A shafin ƙarshe ya tsaya. Lamba takwas ne a jere, ɗaya kowane wata, ba sunan ƙauye a gabansu, sai harafi guda, na farkon sunan Dokita.

"Waɗannan takwas na ƙarshe nasa ne," ya ce. "Daga jikinsa ya riƙa ɗiba. Ni ma bai gaya mini ba."

Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Sai "amana ce, Yaya" da ke ta dawo mata a kunne.

"Zan aika littafin," in ji Tijjani can. "Lambobin suna nan. Allah ya san niyyarki."

Aka kira Azahar. Matar Tijjani ta kawo mata buta da tabarma a inuwar mangwaro. Ummusalma ta tsuguna, ta naɗe hannun riga, sai idonta ya faɗa kan yatsunta. A ƙarƙashin kowane farce akwai siririn layi mai launin shuni, wanda sabulun jiya bai fitar ba.

Liman ya tayar da salla, aka yi raka'a ta farko, aka yi ta biyu. Tana nan tsugune da buta a hannu, ba ta zuba ruwan ba.