Sakin Layi Na Shida

Tana cikin shafa wa sakin layi na biyar rawaya, sai idonta ya riga hannunta sauka a kan na shida. Ta ɗaga makar, alƙalamin shafa launin, ta sake karantawa a hankali, sannan ta rufe makar ta ajiye a kan tebur.

Da safen nan aka aiko jawabin daga ofishin jam'iyya, shafi uku, kuma ƙanenta ne zai gabatar da shi a filin wasa da la'asar. Ƙanen nata kuwa ba ya buƙatar gabatarwa. Shekara tara ke nan yana fitowa a talabijin a matsayin wani maigida mai farin gemu wanda ba ya buɗe baki sai da hani, har sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba Na-Hana suke ce masa. Ita ta ƙirƙiri tsohon, kuma duk kalmar da ta taɓa fita daga bakinsa ita ta rubuta. Da mahaifinsu ta auna shi, Allah Ya jiƙansa, mutumin da ya yaga takardar aikinta ta gidan rediyo a gabanta. Don a yi dariya ta rubuta shi. Mutane suka yi dariyar shekara biyu, daga nan suka koma gyaɗa kai suna cewa ai tsohon gaskiya yake faɗa. Ƙanen ma ya fara yarda da haka, har yana yawo da sandar wasan a cikin gidansa.

Sakin layi na shida bai yi wani kwana-kwana ba. In jam'iyya ta ci zaɓe, za a hana mata aiki a wuraren ɗaukar fim, gaban kyamara da bayanta, sai an tsabtace sana'ar. Ta ƙirga matan kamfaninsu a zuciyarta, har da ita su goma sha huɗu ne.

Ta same shi a ɗakin kwalliya, ya miƙe ƙafa a kujera, mai kwalliya tana liƙa masa gemun da gam. Shekararsa arba'in da ɗaya, gashinsa baƙi wuluk, amma jam'iyya ta ce tsohon take so, ba shi ba.

"Yaya, an gama shafawa?" ya tambaya ba tare da ya motsa haɓa ba.

"Ka karanta abin da suka aiko kuwa?"

"Ina da ke, me zai kai ni?"

Gaskiya ya faɗa. Tunda ya fara wasa bai taɓa karanta labari daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da ta shafa masa rawaya shi yake haddacewa, kuma kansa kamar rikoda ne, sau biyu ya isa. Abin da ba rawaya ba, ko sunansa ne a ciki, ba ya ganinsa.

"Ka san dai abin da mutanen nan suke so su yi?" ta ce.

"Gyaran tarbiyya, Yaya. Ai abin da muke faɗa ke nan kullum."

"Kai kake faɗa. Ni rubutawa kawai nake yi."

"To ai duk ɗaya ne." Ya yi dariya, mai kwalliya ta dafe masa kai.

"Ranka ya daɗe, ka bar motsi, in ba haka ba gemun zai koma kunne."

Marubuciyar ta dubi matar. Tun da mijinta ya kwanta ciwo, da wannan akwatin hoda da gam take riƙe da gida. Ta so ta karanta wa ƙanenta sakin layin a gaban matar, amma ta san shi sarai. An yi masa alkawarin kujerar shugaban hukumar tace finafinai, kuma tun daga ranar kunnensa ɗaya ya toshe. Zai ce a bari a ci zaɓe tukuna, shi zai gyara daga ciki. Ta koma ofis, ta tsallake na shida, ta shafa na bakwai da na takwas, ta kawo masa.

A cikin bas ɗin kamfani ya haddace. Tana kujerar bayansa tana kallon yatsansa yana bin rawaya, ya zo kan farin wurin ya haye shi kamar mai haye kwata, ya ci gaba. Ta ji wani daɗi na ɓarawon da ya wuce maigadi, ta kuma ji kunya kaɗan, don ƙanenta ne.

Filin wasan ya cika har kan katanga. A bayan dandamali wani jami'in yaɗa labaran jam'iyya ya tare su, mutumin da ake kira Mai Waya Biyu, don ba a taɓa ganin hannunsa ɗaya a sake ba.

"Hajiya, ɓangaren mata yana can," ya ce mata yana nuni da ɗaya wayar.

"Ni ce mai riƙe masa takarda."

"Yayata ce, bar ta," in ji Na-Hana, da muryar tsohon da har ta riga ta shige shi.

Aka bar ta da mai kwalliya a gindin matakala, bayan manyan lasifikoki. Da aka kira shi, filin ya ɗauki ihu. Ya hau yana dogara sanda, yana ɗan ɗingishin da ita ta ƙirƙira masa a kashi na uku. Ya yi magana kan yara da wayoyi, kan waƙoƙin banza, kan gaisuwar da ta ɓace tsakanin ƙanana da manya. Ya iya, wannan ba za a ƙwace masa ba. Ya gama na biyar, ya ja numfashi, ya faɗa na bakwai lafiya lau.

Sai dai Mai Waya Biyu yana bin jawabin layi-layi a wayarsa. Ya zabura zuwa bakin dandamali, ya soke wayoyin a aljihu, abin da ba a taɓa gani ba, ya ɗaga yatsu shida.

"Maganar mata!" ya ce da ƙarfi. "Ka tsallake maganar mata!"

Na-Hana ya tsaya. Ya waigo ya nemi yayarsa da ido, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Ta yi zaton zai share ya wuce. Ta manta da abu ɗaya: ɗan wasa ba ya yarda a gan shi tsaye baki buɗe. In layi ya ɓace masa, zai lalubo mafi kusa a cikin kansa. Maganar mata kuwa yana da ita a ajiye, tun kashi na arba'in, inda tsohon ya tare 'yarsa ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa.

Ya buga sandar a kan katako.

"Wa ya ce miki duniya ke take jira?" ya daka tsawa. "Kin fita jiya, me kika ƙara mata? Kin dawo ɗanki bai gane muryarki ba! Gidan nan ba tasha ba ne, da za a riƙa shiga ana fita. Na hana, kuma na hana!"

Tun kafin ya kai tsakiya filin ya karɓe, dubban bakuna suna faɗa tare da shi, don kowa ya haddace. Har daga ɓangaren mata tana jin ana tafi ana maimaitawa. Kalmominta ne, babu wanda ya canza ko wasali. Ba ta taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba, kuma a lokacin nan ta tsane su har cikin ranta.

Daga nan ya yi abin da ita kaɗai ta gane. Ya juya hagu, ya yi shiru, yana jira. A wasan, nan ne 'yar take amsawa: "Baba, ranar da ka faɗi a tsakar gida, wadda ka hana fita ita ce ta san yadda za ta tashe ka." Sai tsohon ya sunkuyar da kai ya matsa daga bakin ƙofa. Don wannan amsar ta rubuta duk faɗan, amsar da ba ta samu bakin gaya wa mahaifinta ba. Tana ganin wuyan ƙanenta har ya fara shirin sunkuyawa. Amma a hagunsa babu 'ya, ɗan takara ne zaune cikin babbar riga. Jama'a suka ɗauka shirun na dattako ne, suka ƙara ihu. Ɗan takarar ya miƙe ya rungume shi, ya karɓi makirfon, ya karanta sakin layi na shida da kansa, har ya ce ranar da aka rantsar da shi za a fara.

Na-Hana ya sauko yana haƙi, gumi ya jiƙa masa riga. Mai kwalliya ta miƙa masa ruwa, ba ta dubi fuskarsa ba.

"Yaya, ya kika gani?" ya ce yana murna. Ya rage murya. "Akwai wurin da kika manta ba ki shafa ba, amma kada ki damu, na rufa miki asiri."

Mai Waya Biyu ya iso yana washe baki.

"Wannan ya fi namu sau goma! Wa ya rubuta?"

"Ga ta nan. Yayata."

"Madalla da Hajiya. Irinsa muke so kowane taro. Ba sai kin wahalar da kanki kin fito ba, daga gida ki riƙa aiko mana."

"Kin ji ko, Yaya?" in ji Na-Hana. "Ke kam kin samu aiki."

Mai kwalliya ta rufe akwatinta, ta ɗaga shi ta rungume a ƙirji.

"Mu fa, ranka ya daɗe?" ta ce.

Ya juyo ya dubi yayarsa yadda ya saba dubanta in layi ya ɓace masa. Ta dube shi ita ma, ba ta ba shi ko kalma ɗaya ba.