Tayar Baron Roko

Shekara arba'in ina ɗaga wuyan tirelar kwale-kwalena da hannu, in ɗora shi kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. A tsibirinmu ba a barin kwale-kwale cikin ruwa saboda wata muguwar iska da ke kaɗowa daga tsaunuka, kullum sai ka kai shi ka dawo da shi. Ranar wata Talata na sunkuya zan ɗaga, sai bayana ya ce ƙas. Kwana tara na yi a kwance kamar busasshen kifi.

'Yata Vinka ta taso daga birnin Split ta tsaya min a kai.

"Baba, magana ɗaya ce. Ranar Asabar zan zuba ido. In ka haɗa tirelar nan kai kaɗai ba nishi, shi ke nan. In ka kasa, akwai wani Bajamushe da ke son kwale-kwalen."

"Bajamushe! Ya shimfiɗa tawul a ciki yana shanya tumbi a rana?"

"Ya shanya abin da ya ga dama. Uba ɗaya gare ni."

Taurin kan marigayiya uwarta ta kwaso. Kwale-kwalen kuwa sunan uwar ne a jikinsa, Zorka, da hannuna na rubuta.

Katanga ɗaya ta raba ni da Roko, tsohon mai walda. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji. Reshen ɓaurensa ne ya leƙo gidana yana ɓata min mota da 'ya'ya, na sare shi, kuma har gobe ni ke da gaskiya. Kafin wannan, duk safiyar da zan fita sai ya jingina da katanga ya zage ni tas. A wajenmu ba a yi wa masunci fatan alheri. Wanda ya ce maka a dawo da kifi ya kashe maka ranar, wasu ma juyawa gida suke yi. Mai ƙaunarka zaginka yake. Tun da na sare reshen nan Roko bai ƙara zagina ba, kuma abin ya fi ciwon bayan cina.

Ranar Juma'a da hantsi na faki idon Vinka na gwada. Ko motsi wuyan tirelar bai yi ba. Na zauna a kansa, ni da shekara saba'in da huɗu, na yi kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa. Sai na ji tari a bayan katanga. Kunya ta kama ni, na share fuska na bi Vinka asibiti a duba bayan.

Da muka dawo da la'asar ta shige ciki, ni kuwa ƙaurin walda ya tsayar da ni a tsakar gida. An liƙa wani dogon ƙarfe mai zare a wuyan tirelar, an sa masa mariƙin injin niƙa nama a sama, a ƙasa kuma 'yar taya. Na taɓa, da sauran ɗumi. Na san ƙarfen nan. Na injin matse inabin mahaifin Roko ne, wanda ko limamin coci bai taɓa ara wa ba. Na leƙa ta kan katanga, ga baronsa a kife ba taya.

Asabar da safe Vinka ta fito ta harɗe hannu. Na juya mariƙin da yatsu biyu, wuyan tirela ya taso a hankali. Na tura da gwiwa, tayar ta gangara har bayan mota. Na juya baya, ya sauka kan ƙwallon ya kama.

"Cire in gani."

Na cire. Na mayar. Na sake cirewa don in ba ta haushi.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wani mutumin banza."

Ta dubi katangar, ta dube ni, ta ciro makullin mota daga aljihu ta miƙo min.

Na tayar da mota ina ta juya kalmar godiya a baki, ta ƙi fita. Sai ga sanƙon Roko ya ɓullo ta kan katanga, yana ƙwala min kira.

"Dujam! Tsohon banza mai sare itacen mutane! Allah ya sa ko ƙaguwa kada ka kama!"

Hanya ta ɓace min saboda hawaye. Na sauke gilashi.

"Roko, na gode."

"Rufe min baki! So kake ka kashe ranar? Kuma ka riƙa shafa wa zaren maiƙo, jaki kawai, ƙarfen ubana ne!"

Ranar na dawo da kifi bakwai. Huɗu na ajiye masa a kan katanga, na zaɓi manyan.

Bana reshen ɓauren ya sake leƙowa gidana, ya yi 'ya'ya jingim daidai inda nake ajiye mota. Na matsar da motar.