Ruwa Ake Fara Zubawa

Ni magini ne. Abin da na iya a duniya kwaɓi ne, kuma duk wanda ya taɓa aiki da ni ya sani, ba na ƙwauron siminti. Da matata ta rasu ta bar mini jaririya 'yar wata biyu, da hannun nan na karɓi fida da gwangwanin madara.

Ban yi kuka ba. Mutane suka yi ta kallona suna jira, ni ma na jira, shiru. Ina ci, ina wanka, ina amsa gaisuwa, amma ƙirjina kamar an cika shi da yashi.

Surukata, uwar marigayiya, ta so ta tafi da yarinyar tun makon farko. Na ce a'a. Ban ma san daga ina a'ar ta fito ba. Ta dube ni ta ce, "To shi ke nan, baban yarinya. Amma ranar da na ji ko ciwon kai ta yi a hannunka, zan zo in ɗauki abata."

Muka ci gaba a haka. Da safe in haɗa madara, in miƙa Ƙanƙanuwa, haka nake kiranta, wajen maƙwabciyata mai ɗinki. Da rana in sulale daga wurin gini in haɗa wata.

Sai kashinta ya fara canzawa. Da farko 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar na akuya, daga baya ɗif. Ta yi ta yunƙuri har fuskarta ta yi jawur, ta naɗe ƙafafu, ta tsala ihu, in buɗe kunzugu in ga ba komai sai ɗan fitsari. Cikinta ya yi tauri, fidar ma sai ta kama ta saki.

Kowa ya zama likita, ka san mutanenmu. Mai ɗinki ta ce in yanki sabulu in tura mata ta ƙasa. Mai fenti a wurin aiki ya ce in ɗura mata mai. Na ce da shi ya ji da bangonsa, tun jiya yake ɓata mini filasta. Asibiti kuwa tsoronsa nake, domin na san ina zuwa labari zai kai inda ba na so. Amma da na ga kukan nata ya koma wani siririn nishi, na saɓa ta a kafaɗa na tafi.

Nas ɗin wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta latsa cikin, ta duba bakin, ta tambaya ko akwai amai ko jini. Na ce babu. Ta ce, "Ka zo da madarar? Haɗa in gani."

Na haɗa yadda na saba. Na ɗebo cokali ya yi tozo, na danna da babban yatsa, na ƙara cikawa. Na zuba adadin da aka rubuta a jikin gwangwanin, na ɗora ɗaya gyara. Sannan na zuba ruwa har ya kai layin da ke jikin fidar.

Ta cire tabarau. "Malam, wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Sista. Yarinya ba uwa, ba nono. Madarar ma sai in tsinka mata?"

"Kai, bawan Allah! Ba bulo kake bugawa ba." Ta karɓi fidar ta zubar. "Ruwa ake fara zubawa, dafaffe, ya kai layi. Sannan garin. Kada ka danna, ka shafe bakin cokalin, kuma babu gyara. Kaurin nan ne ya busar mata da ciki."

Ta ce in daina ƙirga kwana. Wani jariri kullum yake yi, wani yana tsallake rana, mai shan nonon uwa ma yakan ɗauki kwanaki lafiyarsa lau. Abin dubawa shi ne laushi. In ya fito da laushi ba kuka, ba matsala, ko da ta yi nishi. Ta nuna mini yadda zan murza cikin a hankali ina zagaye cibiya, in riƙe ƙafafun ina juyawa kamar tana tuƙa keke, in sa ta a ruwan ɗumi. Sabulu kuwa ta ce ko da wasa. In ciki ya kumbura, ko amai, ko jini, in dawo da gudu.

Ya kamata in ji kunya, ko haushin kaina. Kai kawai na gyaɗa.

Washegari da la'asar, bayan wanka, ina juya mata ƙafafu a kan cinyata, ta yi wani dogon nishi ta saki kashin gaba ɗaya. Har gwiwar hannuna. Ta yi ajiyar zuciya, ta kama ɗan yatsana, barci ya kwashe ta. Na daɗe zaune ban tashi na wanke ba.

Mai ɗinki ta leƙo ta ce barka, sai ta tsaya tana murɗa bakin zani. "Wallahi ba da mugunta ba, maƙwabci. Na ga yarinyar na wahala ne, na kira kakarta."

Surukata ta iso da safe da jaka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ninke kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na riƙe mata bakin jakar. Na ce ai ta warke. Ta ce, "Na gani. Allah ya saka." Ta goya ta.

Na bi su har bakin mota. Ta taga na nuna mata layin fidar da yadda ake shafe cokalin. Ta ce, "Ni da na yi renon uwarta?" Amma ta saurara har na gama.

Yanzu kullum kafin in fara kwaɓi sai in koma bayan tulin yashi in kira surukata a waya. Mu gaisa, in ce, "Inna, ta yi?"

"Ta yi."

"Da laushi?"

"Da laushi. Je ka aikinka."

Yau da ta faɗa, sai na ji 'yar muryar a bayanta tana gwalan-gwalan, wata sabuwar murya da ban san ta da ita ba. Na ce, "Inna, ɗan tsaya." Ta riga ta kashe.