Koren Ɗigo a Kan Unguwar Marke

Motar masu gyaran famfo ta wuce Unguwar Marke da hantsi. Ba ta tsaya ba, ba ta ma rage gudu ba. Mai unguwa Ɗan'azumi yana zaune a ƙofar zaurensa. Ya bi ta da ido har ta gangara Tudun Gawo, inda Uwaisu yake mai unguwa.

Da la'asar labari ya iso. An zaro bututun famfon Tudun Gawo, an sa sabo, ruwa yana zuba.

Na Unguwar Marke kuwa ya mutu tun kafin girbin bara. Tuƙa-tuƙa ne, shi kaɗai gare su. Tun da ya mutu, 'yan mata da tsofaffi suke gangarawa rafi, su tona yashi, su jira ruwa ya taru, su kwasa da ƙoƙo. Ruwan ja ne. Yara sai gudawa. Ga rani ya shigo, rafin ma ya fara janyewa.

Mairo, matar mai unguwa, ta dawo daga can da tulu a ka. Ta tsaya a bakin zaure ba ta sauke ba.

"Malam, ka ga motar?"

"Na gani."

"Ta gaishe ka?"

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"An ce a waya suke duba inda za su je. Yaron nan da ya zo da damina yana ɗaukar hoto, shi ya zana musu. Garin da ya sa wa ja, a je a gyara. Mu kore ya sa mana."

"Wa ya faɗa miki?"

"Matan Tudun Gawo. Sun sauko rafi yi mana sallama, wai ba za mu sake ganinsu a can ba."

Ta shige gida. Shi kuwa ya zauna yana huci.

Ya tuna yaron sarai. Zayyad sunansa, wata ƙungiya ce ta turo shi daga Zariya. Da aka aiko cewa baƙo na tafe don ganin famfo, Ɗan'azumi bai yi wasa ba. Ya sa aka share wurin tas, aka cire ciyawa, aka shafe dakalin famfon da farar ƙasa. Hannun famfon da ya kwance aka ɗaure shi da waya, ya tsaya kamar lafiyayye. Ya aika babur har Gazara aka ɗebo ruwa mai kyau, aka cika randa. An yanka zakara. Baƙo ya ci, ya sha, ya yi godiya ya tafi. Ba wanda zai ce Unguwar Marke ta ji kunya ran nan. To, ga sakayyar da ya yi musu.

Ranar kasuwa ya sa babbar riga, ya hau motar Makarfi. Da tambaya ya gano ɗakin da Zayyad yake aiki, can bayan tasha. Tebur ne da kujeru biyu da kwamfuta. Yaron ya miƙe da sauri, ya durƙusa. Suka gaisa, gida da iyali da gajiyar hanya da jama'a. Ɗan'azumi bai tsallake ko ɗaya ba, amma fuskarsa a murtuke take.

"Nuna mini abin da ka zana."

Zayyad ya juyo masa kwamfutar. Ya ce ya zaga ƙauyukan Ikara da Kudan da Makarfi a kan babur. Duk famfon da ya iske, sai ya tsaya a gindinsa, waya ta kama lambobin wurin. Da ya dawo ya tattara lambobin, ya ɗora su a kan hoton ƙasa da aka ɗauka daga sama, kowane famfo ya zama ɗigo. Mai aiki kore, matacce ja. Sannan ya sa taswirar a intanet, yadda kowa zai buɗe a wayarsa.

Ya ja yatsa, ƙasar ta matsa. Ga Furana, ga Taba. Ya sake ja, ya buɗa ta, sai ga rafi ya yi kwana kamar lauje, ga marken bakin gari, ga rufin gidaje.

Ɗan'azumi ya matso da fuska. "Wannan tsakar gidana ce?"

"Ita ce, Baba."

"Wa ya ba ku izinin leƙa gidan mutane ta sama?"

"Ba ni na ɗauka ba, Baba. Dama yana nan."

Tsohon ya yi tsaki. "Ina famfon?"

Yana nan, ɗan ɗigo kore a gabas da masallaci. Zayyad ya taɓa shi. Hoto ya buɗe. Ga famfo fari fat, wuri a share, ga mai unguwa a tsaye kusa da shi, hannu a baya, kai a sama. Akwai rubutu a ƙasa.

"Me aka rubuta?"

"An ce, yana aiki, in ji mai unguwa."

"Ni na ce yana aiki?"

"Na tambaye ka yaya ruwa, ka ce alhamdulillahi. Na sake tambaya ko akwai matsala, ka ce babu sai alheri."

"To me kake so in ce? Ka shigo garina, ka zauna a tabarmata, in buɗe baki in fara yi maka kuka? Ɗan wane gari ne kai?"

"Ɗan Kudan ne, Baba."

"A Kudan haka aka koya muku, mai gida ya zayyana wa baƙo rashinsa?"

Zayyad ya sunkuyar da kai, amma bai yi shiru ba. "Baba, ka gafarce ni. Na kai hannu zan tuƙa in gani da idona. Kai ka riƙe mini hannu."

"Baƙo ba ya tuƙa mana famfo. Ba mu rasa samari ba."

"Ka ba ni ruwa mai sanyi, garau. Na ce na famfon ne? Ka ce in sha kawai."

"Da ruwan rafi kake so in ba ka?"

"Da ka ba ni shi, Baba, da yanzu an gyara muku."

Maganar ta soki Ɗan'azumi. Ya dubi ɗigon Tudun Gawo. Ya san yadda aka yi a can, an ba shi labari. Uwaisu ko tabarma bai shimfiɗa wa yaron ba. Ya ja shi a rana har bakin famfo, ya tara mata da yara da bokitai wayam, yana ta faɗin sun shiga uku. Mutum da furfurarsa. Shi aka yi wa gyara. Wanda ya rufa wa garinsa asiri kuwa, an bar shi da ruwan yashi.

"Wannan abin naku," in ji shi, "maroƙa aka yi wa. Wanda ya fi iya kuka shi ke gaba."

"Abin da aka faɗa masa kawai ya sani, Baba."

"To na faɗa maka yanzu. Ya mutu. Mai da shi ja."

"Ba zan iya haka daga nan ba."

Ɗan'azumi ya ɗago.

Zayyad ya yi bayani a hankali. Wasu garuruwa sun gane dabarar, sun riƙa cewa nasu ya mutu alhali yana aiki, don a sake musu kaya. Masu gyara sun sha zuwa a banza. Yanzu ba sa yarda a canja launi sai da hoto mai motsi, a ga ana tuƙawa ba ruwa. Kuma tunda mai unguwa ne ya ce yana aiki, shi suke so su ji ya ce ya mutu.

"Wa zai gani?"

"Duk wanda ya taɓa ɗigon."

"Har Uwaisu?"

"In yana da waya."

"Yana da ita. Ba ya rabuwa da ita ko a masallaci."

Zayyad ya ƙara da cewa masu gyaran suna gab da gama Makarfi su koma ɓangaren Ikara. In suka tafi, sai wata shekara, in ma an sake samun zuwa.

Ɗan'azumi ya miƙe ya gyara riga. "Ka ci zakarana," ya ce. Ya fita ba sallama.

A gida Mairo kaɗai ya faɗa wa yadda suka yi. Kwana biyu yana zaure, abinci kaɗan. A rana ta uku 'yan matan suka dawo daga rafi da tuluna rabi-rabi. Ramin da suke tonawa ya kai ƙugu, ruwan sai a jira shi tun safe. Jikarsa ƙarama tana kwance a ɗaki, idanu sun faɗa.

Mairo ta kawo masa ruwan alwala a buta. Ta tsiyaya kaɗan a ƙasa don ya ga launinsa.

"Malam, ni in dai kuka ake so, na iya. A kira yaron, ni zan yi."

"Matata ba za ta shiga wayar mutane ba."

"To kai shiga. Kai ka shafa farar ƙasa."

"Mutunci na tsare muku."

"Mun gode. Yanzu ruwa muke so."

Ya dube ta da kyau. Ba ta kau da kai ba. Shekarun da suka yi tare sun wuce a tsorata ta da kallo.

Washegari ya aika a kira Zayyad.

Yaron ya iso da hantsi. Samari suka ɗauko tsintsiya za su share bakin famfo, kamar yadda aka saba. Ɗan'azumi ya daka musu tsawa. A bar shi yadda yake. Ciyawa ta bushe a kan dakalin, akuya ta yi kashi a kai, farar ƙasar ta zube. Ba a shimfiɗa tabarma ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, baƙo a tsaye a rana a garinsa.

Gari ya taru. Mata suna leƙe ta saman danga. Can gefe kuwa, ga Uwaisu a kan kekensa, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ba a gayyace shi ba.

"Mai unguwa, sannu da aiki," in ji Uwaisu. "Na ji za ka yi fim, na ce in zo in taya ka. Ka ɗan karkace hula, ka marairaice murya. Sun fi so haka."

"Kai ka san sana'ar. Ni ban gada ba."

"Amma ruwana na sha na fito."

Wasu samari suka ƙunshe dariya. Ɗan'azumi ya juya masa baya.

Zayyad ya ɗaga waya. "Baba, in ka shirya."

Tsohon ya naɗe hannun riga ya kama ƙarfen. Ya danna. Famfon ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya sake dannawa, ya sake, har zufa ta keto masa. Ko ɗigo. A dannawa ta gaba wayar da aka ɗaure hannun da ita ta tsinke, ƙarfen ya taho masa gaba ɗaya. Ya yi taga-taga, ya tsaya. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Ya riƙe ƙarfen, ya dubi wayar Zayyad ido cikin ido.

"Ni ne Ɗan'azumi, mai unguwar Marke. Famfon nan ya mutu tun bara. Ruwan rafi muke sha. Yaranmu ba su da lafiya. Ba mu da ruwa."

Ya jefar da ƙarfen. "Ya isa?"

"Ya isa, Baba."

"Kashe."

Zayyad ya koma gindin marke inda waya take kamawa, ya ɗan daddanna. Ya dawo ya miƙa masa. Ɗigon ya koma ja. Ɗan'azumi bai karɓa ba, bai ma duba ba. Ya shige zaure ya saki asabari.

Motar ta zo kafin masu gyaran su bar Makarfi. Wannan karon ta tsaya. Babban makanikensu ya diro, ya hango tsohon, ya washe baki.

"A'a, Baba, kai ne na cikin waya. Mun kalle ka sau nawa a hanya. Da ka ce ba ku da ruwa, wallahi duk jikinmu ya mutu."

"Aiki ya kawo ku ko kallo?"

"Aiki, Baba."

"Ga shi can."

Suka zaro bututu, ya ci tsatsa, robobin ciki sun ruɓe. Suka sa sababbi. Kafin la'asar ruwa ya fara fitowa, ja da farko, daga baya ya washe. 'Yan mata suka yi layi, ana ture-ture, ana guɗa.

Ɗan'azumi bai je ba. Yana zaure yana jin ƙarar ƙarfen. Mairo ta wuce da bokiti cike, ruwa yana zuba a kafaɗarta.

"Malam, a dama wa ƙaramar kunu da wannan?"

"Tafasa shi tukuna," in ji shi. "Ban yarda da aikin mutanen nan ba."