Minti Hamsin a Tsibirin Tobori

Shekara talatin da takwas Genzo ya yi yana tsara lokutan jiragen ƙasa, kuma ranar da ya yi ritaya kamfani ya huta, gida ya shiga uku. Matarsa Tsuyako ce ta maye gurbin jiragen: ta tashi ƙarfe kaza, ta ɗora shinkafa ƙarfe kaza, ta iso tebur ba jinkiri. Shekara arba'in da huɗu suna tare, sunanta a bakinsa bai wuce "Ke" ba. Ita kuma tana ce masa Baban yara, ko da yake yaran su ma sun fara furfura.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. Likita ya ce wata mai zuwa za a yi mata aiki a ƙugu, ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin ita da matakalar dutse sun yi sallama. Sai ta ce wa Genzo tana so kafin nan ta shiga ruwan zafin Tobori sau ɗaya. A tsibirin aka haife ta. A bakin tekunsa akwai ramuka uku cikin dutse inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, kuma rabonta da su tun tana 'yar shekara sha tara, da ta tafi birni aikin masaƙa.

Tafiyar kwana ɗaya ta roƙa. Genzo ya kulle kansa a ɗaki mako uku, ya fito da ta kwana biyar: tsibiri shida, wurin wanka goma sha ɗaya, jirgin ruwa tara, duk an ja musu layi da jan biro. Tunda za a fita, in ji shi, ai wauta ce a tsaya wuri ɗaya. Har ya samo wani ɗan littafi da ake buga wa hatimi a kowane wurin wanka, wanda ya cika shi a ba shi kyautar tawul. Tobori ta samu minti hamsin a rana ta uku, da tsakar rana, tsakanin isowar jirgi da tashinsa.

Tsuyako ta duba takardar, ta lissafa kwanan wata a ka kamar kowane ɗan tsibiri, ta gane cewa ranar da tsakar rana teku a cike take, ramukan kuwa ba sa bayyana sai ta janye. Ta buɗe baki, ya riga ta da cewa sau huɗu ya duba, babu kuskure. Ta rufe bakinta ta je ta dafa shayi. Rabin shirun sabo ne. Ɗaya rabin kuwa, a faɗi gaskiya, mugunta ce: tana so sau ɗaya a duniya ta ga fuskarsa in takarda ta ba shi kunya. Ba ta tsaya ta yi tunanin wanda abin zai fi ci ba.

Kwana biyun farko sun yi wanka sau biyar, kuma ba wanda ta ji a jikinta. Mutane na zuwa ruwan zafi su saki jiki, su kuwa kamar jarrabawa suka je rubutawa. Genzo sai ya buga hatimi kafin ya tuɓe takalmi, don shi a wurinsa wankan ya riga ya tabbata. Tana shiga, ƙashinta bai ko fara jin ɗumi ba, za ta ji muryarsa ta saman katangar da ta raba maza da mata: "Ke! Saura minti biyu." Matan da ke ciki su sunkuyar da kai don ladabi, kafaɗunsu na rawa. Gashinta bai taɓa bushewa ba, curin shinkafarsu kuma a kan hanyar tashar jirgi suke cinye shi, ita tana dogara sanda, shi yana gaba yana waiwaye.

Rana ta uku jirgi ya sauke su a Tobori kan lokaci daidai, abin da Genzo ya ɗauka yabo ne gare shi. Ya riƙe mata hannu suka sauka doguwar matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse, har suka kai wani ɗan fili mai benci. Daga nan saura taki goma sha biyu, masu santsi, ba abin dafawa. Sai dai takin ma babu su. Teku ta haɗiye su, ta haɗiye ramukan, tana ta dukan dutse abinta.

Genzo ya duba takarda, ya duba teku, ya sake duba takarda, kamar yana jiran ɗaya daga cikinsu ta nemi gafara. Wata tsohuwa da ke shanya kifi a gefe ta ɗago kai. Ya tambaye ta cikin ladabi ko an rufe wurin wankan ne yau.

"An rufe, ranka ya daɗe. Mai mabuɗin ba ta dawowa sai ƙarfe huɗu," in ji ta, tana nuna teku da wutsiyar kifi. Sai ta ƙura wa Tsuyako ido. "Ke ba 'yar gidan mai ɗinkin taru ba ce? 'Yar tsibiri guda, ki kawo miji wanka da cikar teku? Birni ya gama da ke."

Fuskar da Tsuyako take jira tun daga gida, ga ta nan ta samu. Kunnuwansa suka yi ja, leɓensa na ƙasa ya saki. Ba ta ji daɗin komai ba. Tausayinsa ta ji, da haushin kanta.

"Kin sani?" ya ce.

"Na sani."

"Kika yi shiru?"

"Ka ce sau huɗu ka duba, Baban yara. Wace ce ni da zan zama ta biyar?"

Sai ya koma inda ya fi ƙarfi. Ya bayyana mata cewa jirgin Tobori ɗaya ne a rana, in suka rasa shi wanka biyar ya rushe, da jirage biyar, da masaukai biyu masu jiransu. Ya ce a tsibiri na gaba akwai wurin wanka mai rufi, mai abin dafawa, ruwan ma an ce ya fi wannan amfani ga ƙashi. Duk gaskiya ne, shi dai bai taɓa rasa gaskiya ba. Tsuyako ta zauna a benci ta tuɓe takalminta ta jera su.

Ya ce zai yi gaba, ta biyo shi a hankali. Ya hau matakala bai waiwayo ba, don shekara arba'in da huɗu bai taɓa buƙatar tabbatarwa ba. Can ta ji jirgi ya yi kuka sau biyu, ta hango jirgin ya zagaya bayan dutse ya ɓace.

Tsohuwar ta ba ta busasshen kifi ɗaya, ta juya sauran da ta shanya, ta tafi gida. Tsuyako ta zauna ita kaɗai tana kallon teku na ja da baya taki bayan taki. Wajen ƙarfe uku da rabi bakin ramin farko ya fito, tururi ya fara tashi. A nan ne jarumtarta ta ƙare. Ta miƙe, ta kai ƙafa kan takin farko, gansakuka ta ja sandarta, ƙugun ya soke ta har ƙwaƙwalwa. Ta koma ta zauna. Ta yi nasara a kan miji, ga ruwan a gabanta taki goma sha biyu, kuma hannun da zai kai ta ya shiga jirgi. Tsoro ya kama ta, ta yi kuka sosai.

Tana cikin haka ta ji tari a sama. Genzo ne ke saukowa, rigarsa sharkaf da gumi, riƙe da sabuwar takarda. Ashe bai shiga jirgin ba, a ofishin tasha ya wuni yana kwafe lokutan cikar teku da janyewarta. Bai ce ta yi haƙuri ba, Allah ya kiyaye. Ya sanar da ita dai cewa ya yi wa tsarin gyara, za a shiga ruwa ƙarfe huɗu saura goma, kamar shi ya ba teku umarni. Sannan ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya durƙusa ya ba ta baya.

Tsoho ɗan shekara saba'in da biyu ya goya matarsa, yana nishi, ya sauka da ita takin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaura tawul, ya zura ta cikin ruwan a hankali. Zafin ya ratsa ƙugun, igiyar teku ta watso mata sanyi a kafaɗa.

Ya tsugunna a bakin ramin ya tambaye ta ko yana nan yadda ta san shi. Ta dubi ramin da ta yi shekara kusan hamsin tana ba da labari. Bai fi kwamin wanki uku ba, an ma liƙe gefensa da siminti.

"A'a. Da ya fi haka girma," ta ce. "Shigo mana, ina za ka? Jirgin ya tafi."

Ya shigo, ya zauna a gefenta, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Rana ta yi sanyi, tururi na tashi a tsakaninsu, ba wanda ya ƙirga komai. Ita ta san wannan ne na ƙarshe, kuma da ta dube shi ta ga shi ma ya sani.

"Baɗi zan tsara da kyau," ya ce, idonsa a kan teku. "Kwana uku a nan. Da lokutan ruwa da komai."

Tsuyako ta nutsa har wuya, ta laluɓo hannunsa a ƙarƙashin ruwa.

"To, Baban yara. Ka tsara."