Maganin da Ba a Rabawa

Laure ta ɗaga ledar ruwa ta shanye tas a tashar Argungu, tun mota ba ta cika ba. Yayarta Hodi na zaune gefenta, ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga. Bara war haka, in Laure za ta Birnin Kebbi, tun jajibirin tafiya take daina shan komai. Duk da haka sai ta roƙi direba ya tsaya kafin Ambursa, fasinjoji na tsaki, ita kuwa ta nufi daji da hawaye.

Ciwon mara ne ya ci mata shekaru. Kamar an zuba mata barkono a mafitsara, ga fitsari ɗis-ɗis ba hutu. Alwala ba ta zama, biki ya gagara, teburin soyayyen kifinta ma sai da ta bar wa maƙwabciya. Ta sha saiwa, ta sha na kemis, a banza. Bayan babbar sallah aka sa ta cikin masu gwajin wani sabon maganin kumburin mafitsara a wani asibiti a Birnin Kebbi. An gaya mata ƙarara cewa gwaji ne, kuma nata ne ita kaɗai. Ikon Allah, sai ga Laure na barci har asuba.

Hodi ma ciwon ke gare ta. An ɗibi jininta, aka ce ƙodarta ba za ta ɗauka ba, aka sallame ta. To amma Hodi ce ta goyi Laure bayan rasuwar innarsu, kuma har gobe kwano ɗaya suke ci. Ina Laure za ta iya miƙe ƙafa tana jin nishin yayarta ta bayan zana? Sai ta riƙa sa wuƙar kifi tana raba kowace ƙwaya biyu. A ganinta hana Hodi da aka yi rowa ce irin ta mutanen asibiti.

Yanzu ga Hodi fuska ta haye, ga amai, fitsarin ma ya kusa ɗaukewa. Da mota ta ɗauki hanya, Hodi ta matso kunnen ƙanwarta.

“Kar ki faɗi komi. In suka ji, karɓewa za su yi, ki koma yadda kike.”

Laure ta maida ido kan hanya. Ta san ciwon nan farin sani, ba ta fatan ya dawo mata.

A asibiti aka kwantar da Hodi. Likita ya tambaya ko ta sha wani abu, na gargajiya ko na kemis, ta girgiza kai. Ya sake tambaya, ya ce ƙodar na neman tsayawa, kuma in bai san abin da ya taɓa ta ba, lalube kawai zai yi. Hodi ta zuba wa Laure ido. Laure ta sunkuyar da kai ta fita.

A baranda ta yi kiciɓis da Mubina, nas ɗin da ke kula da masu gwajin. Yarinyar ta tare ta da fara'a, tana tsokanarta wai ta yi ƙiba, kifin Argungu ya karɓe ta. Ta ja ta ofis ta miƙa mata sabuwar kwalba, tunda dama ranar karɓarta ce. Laure ta riƙe kwalbar. Ta tuna jumma'ar da ta wuce, da ta zauna gidan suna tun hantsi har azahar ba ta tashi ba. Wallahi ba ta son rabuwa da abin nan.

“'Yata,” ta ce, “rabi nake sha. Rabin Yaya Hodi nake ba.”

Fara'ar Mubina ta ɗauke. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambayi tun yaushe, ta karɓi kwalbar ta fita da sauri wajen likita. Da ta dawo ta zauna kusa da Laure ta yi mata bayani a hankali: likita ya san inda zai kama yanzu, akwai fatan ƙodar ta farfaɗo. Amma ita Laure dole a cire ta daga gwajin, ƙa'ida ce, kuma maganin ba a sayar da shi ko'ina.

Hodi na kwance da ƙarin ruwa a hannu. Da ta ga Laure sai ta juya fuska bango.

“Na hana ki,” ta ce. “Mi kika yi wa kanki?”

Laure ta gyara mata zane a kan ƙafafun, ta ce za ta koma Argungu ta ɗauko tabarma da kayan jinya.

La'asar ta yi amma rana ba ta saki ba, maƙogwaronta ya bushe ƙamas. A bakin ƙofa Mubina ta biyo ta da ledar ruwa mai sanyi. Laure ta miƙa hannu, sai kuma ta janye.

“Bar shi, 'yata. Hanya zan hau.”